Daga Bakin Ruwan Challawa Zuwa Burtalin Rogo: Wa Zai Tsare Abin Da Yake Na Kowa?

Duk wanda ya fita daga birnin Kano ta Kabuga ya kama hanyar Gwarzo a ƙarshen kaka, abin da zai fara lura da shi shi ne babu ƙasar da aka bari tana hutawa. Daga sabon mazaunin Jami'ar Bayero zuwa Janguza, daga Janguza zuwa Rimin Gado, gona ce ke bin gona, inda gona ta ƙare kuma fulotai ne da aka zuba wa harsashi. An girbe gero tuntuni, dawa ta nuna tana jiran masu yanka, an ɗaure harawar wake an ɗora a kan rassan bishiyoyi don kada dabba ta kai gare ta. Wannan hanya muka bi, muka karkata kudu zuwa Ƙaraye, daga can muka zarce Rogo, inda Jihar Kano ta yi iyaka da Katsina da Kaduna.

Abin da ya fitar da ni daga gida wata muhawara ce da ta daɗe tana yawo a rediyo da majalisun hira: ragowar filayen da ba mallakar mutum ɗaya ba, wato gandun daji da makiyaya da burtali da mashaya da gaɓar ruwa, yaya za a yi da su? Wasu na cewa a killace su, a hana kowa taɓawa. Wasu na cewa a yanka wa manoma, tunda jama'a ta ƙaru kuma ciki ba ya jira. Wasu kuma na ganin daji ya zama mafakar ɓarayi, gara a share shi a huta. Na so in ji maganar daga bakin waɗanda suke kwana suna tashi a gefen waɗannan filaye.

Ƙaraye tsohon gari ne, yana cikin garuruwan da suka tsare wa Kano ƙofarta ta yamma a zamanin yaƙe-yaƙenta da Katsina. A 2019 aka ɗaga darajarta ta zama masarauta mai cin gashin kanta, a 2024 aka rushe wannan tsari, sannan a shekarar aka sake kafa ta a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo suna ƙarƙashinta. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaraye mutum sama da 140,000, ta ba Rogo sama da 220,000. Jariran da aka ƙidaya a wancan lokaci yau sun isa neman gonar kansu. Baƙi da yawa sun san garin ne saboda sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Kusalla, amma babban abin da ya sauya rayuwar wannan yanki shi ne madatsar ruwa ta Challawa.

An kammala madatsar a 1992, a daidai inda kogin Challawa ke ratsa kwazazzabo. Tsayin bangonta mita 42 ne, tsawonsa ya kusa kilomita 8, kuma idan ta cika tana riƙe ruwan da ya haura kubik mita miliyan 900. Idan ka tsaya a kan bangon da hantsi, hazo ya lulluɓe ɗaya gaɓar, sai ka ga ruwa iya ganinka, jirage 'yan ƙanana na masunta suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ruwa ba na Ƙaraye kaɗai ba ne. Shi ne ke gangarawa ya haɗu da Kogin Kano kafin Wudil, ya zama kogin Haɗejia, ya bi ta fadamun Haɗejia da Nguru ya nufi Yobe. Mutanen birnin Kano suna sha daga gare shi, haka manoman rani a Jigawa suna jiran a sako musu shi.

A bakin ruwa na tarar da wani dattijon masunci yana gyaran komarsa, ga karfasa da tarwaɗa a cikin kwarya kusa da ƙafarsa. Bayan mun gaisa na tambaye shi yadda ruwa yake bana. Sai ya ce, "Malam, ruwa yana nan, amma ƙasa tana cinye shi ta ƙarƙashi." Ya ɗauki gorar da yake tuƙa jirgi da ita, ya taka cikin ruwan kaɗan, ya caka ta. Da ya zaro, taɓo ja ya manne mata har kusan kamu biyu. Ya ce a da nan wurin tsakuwa ce da yashi, kifi na zuwa ya yi ƙwai a cikin ciyawar gaɓa. Ya nuna mini tudun da ke bayanmu: kunyoyi sun sauko har leɓen ruwa, babu ko kalgo ɗaya a tsakani, ga ƙananan kwaruruka da ruwan damina ya tsaga suna zubo jar ƙasa kai tsaye cikin tafkin.

Mai gonar da ke wurin yana jin mu, saurayi ne da injin ban-ruwa, yana shirin dashen tumatir da albasa. Ya matso ya ce, "Baba, kada ka ɗora mana laifi gaba ɗaya. Gonar kakanmu tana ƙarƙashin ruwan nan. Inda ruwa ya ja baya, nan muke bi mu shuka. In an ce mu ja da baya, a nuna mana inda za mu koma." Dattijon bai musa masa ba. Ya ce abin da yake roƙo kawai shi ne a bar wa ruwa ɗan zagaye na ciyawa da itatuwa, kamar yadda ake barin ganuwa a bayan gari, domin in tafkin ya cike da taɓo, da masunci da manomi duk hannu rabbana za su koma. A nan na fara gane cewa muhawarar ba ta tsakanin masu son daji da maƙiyansa ba ce. Kowannensu yana da haƙƙi, kowannensu kuma yana tsoron gobe.

A cikin garin Ƙaraye aka kai ni wurin wani tsohon malamin daji da ya yi ritaya, yana zaune a zaurensa a kan buzu. Shi yana cikin masu ra'ayin a killace. Ya ba ni labarin zamanin En'e, lokacin da sare ɗorawa ko kaɗanya ko maɗaci ba tare da izini ba kan kai mutum gaban alƙali, lokacin da kowane gandun daji ke da iyaka sananniya da ake share ta duk shekara saboda gobara. Ya ambaci dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965, wadda ta ba hukuma ikon keɓe filayen kiwo. Ya ce daga gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ne riƙon ya fara sassautawa, domin sarakuna sun rasa ikon hukunci, waɗanda aka miƙa wa ikon kuma ba su zauna kusa da dajin ba. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ba da izinin noma da kiwo a karkara. "Amana ce, ɗana," in ji shi. "Amma amanar da ba a rubuta iyakarta ba, kowa ya zo sai ya gutsura." Ya ce ba da rana tsaka ake cinye gandun daji ba. Bana a ara wa wani kadada biyu ya yi noman wucin-gadi, baɗi ya dasa mangwaro, bayan shekara goma 'ya'yansa su raba gado.

Maganarsa tana da nauyi, amma hanyar Rogo ta nuna mini ɗaya fuskar. Ƙasar nan ta fi ta arewacin Kano ruwa da danshi. Masara da dawa da shinkafa suna yi sosai, ga rake a fadamu kamar yadda ake yinsa a maƙwabta, Maƙarfi da Ɗanja, ga hayaƙin masu dafa mazarƙwaila yana tashi daga nesa. A wani lungu muka ratse, muka iske samari uku a kan ramin gawayi. Sun jera gungumen ƙirya da marke, sun rufe da ɗanyen ganye da ƙasa, sun bar 'yan kafofi da hayaƙi fari ke fita a hankali. Ɗayansu yana zagayawa da shebur yana toshe duk inda wuta ta nemi ɓullowa, domin in iska ta shiga, itacen toka zai zama. A gefe ga kututturen ƙiryar da suka sare, faɗinsa ya isa mutum biyu su zauna, jan cikinsa yana sheƙi. Itace ne da ya girmi iyayensu, kuma cikin 'yan kwanaki zai koma buhunan da za a ɗora wa mota zuwa birni. Na tambaye su ko sun san ƙirya ba ta saurin girma. Babbansu ya ce, "Mun sani, Malam. Amma ku mutanen birni ku ne masu saye. Ranar da gas da kananzir suka yi tsada, ranar kasuwarmu ke buɗewa."

Gaskiya ya faɗa. Tukunyar da ke kan murhun gawayi a Kurna ko Ɗorayi tana da hannu a wannan kututture. Wanda ke zaune a birni yana kiran a hana sare itace, ya kamata ya fara duba abin da ake girki da shi a gidansa.

Ba nisa daga nan muka gamu da wata tsohuwa da jikokinta sun ɗauko ƙiraren kalgo da sabara. Na ce, "Sannu Inna, daga ina haka?" Ta nuna yamma da haɓarta, ta ce itace ya yi nisa. Ta ce a ƙuruciyarta ɗorawar da suke samu a daji ita ce daddawar shekara, kaɗanya ita ce man girki da na shafawa, ga kanya da ɗinya da taura na yara, ga sassaƙen magani. Ba ta son a raba dajin, domin in an raba, maza ne za su samu, ita da ire-irenta ba za a ba su ko taki ɗaya ba. Amma kuma ba ta son a sa waya a zagaye shi, a ajiye mai bindiga a ƙofa. Duk tsarin da za a yi, in bai bar wa mace irin wannan hanyar shiga ta tsinci kalwa da ƙirare ba, an zalunce ta, ko da sunan kare muhalli aka yi shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne burtalin da wani Arɗo ya kai ni na gani. Muka taka da ƙafa daga rugarsu, ya tsaya a kan wani guntun turken siminti da ya kusa nutsewa cikin kunya, ya ce nan ce tsohuwar iyaka. Daga turken zuwa inda hanyar shanu take a yau, gona ce shimfiɗe, an girbe masara an bar kara. Abin da ya rage na burtalin, shanu biyu ba za su jera su wuce ba sai ɗaya ta goga jikinta da shingen ƙaya. "Allah ya ba ka nasara, dubi nan," in ji shi. "Garke guda zai bi ta wannan siririyar hanya zuwa mashaya, yaro ɗaya yana kora. In saniya ta miƙa baki ta ci zangarniya, an ce ɓarna. To, wa ya fara shiga gonar wani?" Ya ce a da manomi ne ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa da rani saboda taki, har ya ba shi dawa. Yanzu kara da harawa sun zama kuɗi, takin zamani ya maye gurbin kashin shanu, zumuncin da ke tsakani ya yi rauni. 'Yan'uwansa da dama sun yi kudu da dabbobinsu, wasu har sun ƙetare iyakar ƙasa.

Da na shiga ƙauyen da ke kusa da burtalin na zauna da manoman, su ma ba su rasa hujja ba. Wani magidanci ya lissafa mini: mahaifinsu ya bar gona ɗaya, su tara ne maza, kowannensu yanzu yana da iyali. Ya ce bai taɓa ganin takardar da ta nuna faɗin burtalin ba, abin da ya sani shi ne wanda ya sayar masa ya ce nan ce iyaka. Ya ƙara da cewa akwai baƙin makiyaya masu wucewa da dare, waɗanda ba su san kowa ba, ba sa jin maganar Arɗon gari, su ne ke jawo wa na gida baƙin jini.

Sai batun tsaro, wanda yanzu shi ne ke rufe bakin kowa. Mutanen Rogo suna jin abin da ke faruwa a dazuzzukan Rugu da Kamuku da Kuyambana, kuma ba wanda zai zarge su in sun tsorata da duhuwa. Dajin Falgore da ke kudancin Kano, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 900, ya yi shekaru yana fama da ɓarayin shanu da masu tare hanya, har a 2017 rundunar soja ta mai da shi filin atisaye. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sanya shi cikin wurare goma da ta amince su zama gandun daji na ƙasa, tare da Kogo a Katsina da fadamar Baturiya a Jigawa. Sai dai Kamuku ya riga su samun wannan matsayi tun 1999, kuma sunan bai hana 'yan bindiga shiga ba. Abin da na fahimta shi ne, ɓarawo ba itace yake bi ba, wurin da babu idon jama'a da na hukuma yake nema. Dajin da mata ke shiga tsintar kaɗanya, makiyayan gari ke kiwo a cikinsa, malamin daji ke zagaya shi, da wuya baƙo ya kwana biyu a ciki ba a sani ba. In an share shi kuma, an rasa itacen, ɓarawon ya matsa gaba.

A maƙwabciyar ƙaramar hukuma, Ƙiru, an gwada wata hanyar a dajin Ɗansoshiya, inda a 2020 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙaddamar da matsugunin makiyaya, da niyyar a samar musu da gidaje da ruwa da makaranta da asibitin dabbobi su zauna wuri ɗaya. Tunani ne mai kyau, kuma samun ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024 na iya ƙarfafa irinsa. Amma matsuguni ɗaya ba zai ɗauke shanun yammacin Kano duka ba. Ƙananan makiyaya da burtalin ƙauye su ne rayuwar yau da gobe ta mai shanu ashirin ko talatin.

Wannan ja-in-ja ba mu kaɗai ke yin sa ba. A Amurka, tun dokar 1964 da ta ba da damar keɓe wasu filayen gwamnati a bar su yadda Allah ya halicce su, babu titi babu inji, ake ta kai ruwa rana a kan kwazazzaban hamadar jihar Yuta. Masu kiwon shanu da masu haƙar ma'adinai suna gefe guda, masu kare muhalli da ƙabilun asali irin su Nabaho da Hopi suna ɗaya gefen. Yankin Bears Ears da ke wannan jiha, Obama ya keɓe shi a 2016, Trump ya rage kusan kashi 85 cikin ɗari na faɗinsa a 2017, Biden ya mayar da shi a 2021. Darasin da ke ciki a bayyane yake: kariyar da ta dogara da sa hannun shugaba ɗaya, sa hannun wani na iya warware ta. Kuma irin killacewar da ta hana ɗan'adam amfani gaba ɗaya ba za ta zauna a ƙasar da kowace kadada ke da masu ci daga gare ta ba.

Muna da abin koyi mafi kusa. A tarihin Musulunci, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe filin Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza, ya naɗa mata mai tsaro, ya umarce shi da ya fifita masu 'yan dabbobi kaɗan a kan masu manyan garkuna. Keɓewa ce mai iyaka, mai mai-tsaro, mai tausayin talaka. A ƙasar Hausa ma kowane gari yana da huruminsa da makiyayarsa, kuma kowa ya san wanda zai tuhume shi in ya taɓa. A Jamhuriyar Nijar, daga shekarun 1980, manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon gawo da kalgo da sabara a gonakinsu suna yi musu aski maimakon tumɓukewa. Da suka tabbata cewa itacen da suka kula da shi nasu ne, sai ƙasa mai faɗin kusan kadada miliyan 5 ta sake yin itatuwa. Ƙasarsu ta fi ta Rogo ƙarancin ruwan sama nesa ba kusa ba.

Saboda haka ra'ayina a kan wannan muhawara shi ne: kada a raba, kada kuma a rufe. Filin da aka yanka aka raba ba ya dawowa har abada, kuma gonar da aka samu daga gare shi za ta ƙare a rabon gado na gaba, a sake komawa gidan jiya ba tare da dajin ba. Filin da aka rufe aka kori maƙwabtansa kuma ya rasa masu kishinsa. Abin da ake buƙata shi ne a auna duk wani gandun daji da makiyaya da burtali da mashaya da suka rage a Ƙaraye da Rogo, a kafa musu turaku manya da kowa zai gani, a buga taswirarsu a liƙa a fadar dagaci da sakatariyar ƙaramar hukuma, a shigar da su cikin dokar jiha yadda babu wani shugaba da zai iya kyautar da su da takarda ɗaya. Kowane fili a ba shi kwamitin riƙo na mutanen da ke gefensa: mai unguwa da Arɗo da Sarkin Noma da Sarkin Ruwa da liman da wakiliyar mata, su tsara lokacin kiwo da na tsintar itace, su san itacen da ba a sarewa. A bar wa tafkin Challawa zagayen ciyawa da itatuwa, a kuma nema wa manoman da abin zai shafa madadi kafin a ce su ɗaga. Kuɗin shirye-shirye irin su ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 domin jihohin Arewa, nan ne wurin da ya dace a ga amfaninsu.

Ina kira ga Masarautar Ƙaraye da shugabannin ƙananan hukumomin biyu da 'yan majalisar da ke wakiltar yankin da su fara wannan aiki tun dattawan da suka san tsofaffin iyakoki suna raye, domin su ne taswirar da ta rage. Mu kuma mazauna birni, masu shan ruwan Challawa da nonon rugagen Rogo, masu girki da gawayin ƙiryarsu, mu sani da mu ake wannan magana. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya.